Tattaki Don Sojojin Da Suka Nakasa: Ina 'Yan Kasuwar Dawce?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon wata hira ce da ta ɓarke a cikin mota ranar wata Lahadi, muna dawowa daga cin kasuwar Mai'adua. Wani matashi ne da ke zaune bisa buhunan kaya ya nuna mana hoton wani Bature a wayarsa, ƙafarsa ɗaya ta roba, ya goya jaka yana tafiya a ƙasa, mutane sun jeru a bakin hanya suna miƙa kuɗi. Ya ce wai tsohon soja ne, tattaki yake yi domin a tara wa 'yan'uwansa sojojin da suka ji rauni a fagen daga abin taimako. Mota ta kaure da dariya. Wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta ce, “Yaro, ni shekara talatin ina taka ƙasa daga wannan kasuwa zuwa waccan da kaya a ka, ko dala babu wanda ya taɓa ba ni don na yi tafiya.” Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba. To amma tun daga Ɗan Barto har na sauka a gida maganar ba ta bar raina ba.

Bari in fara da bayyana ko mene ne wannan al'amari, domin ba wasan yara ba ne kamar yadda muka ɗauke shi a mota. A shekarar 2010 aka kafa wata ƙungiya a Ingila mai suna Walking With The Wounded, ma'ana tafiya tare da waɗanda suka ji rauni. Lokacin kuwa sojojinsu na dawowa daga Afganistan, wani babu ƙafa, wani babu hannu, wani ido ya tafi. Ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa ta, ɗan ɗan'uwansa ne ya taka nakiya a can a 2009 ya rasa ƙafafunsa duka biyu. A watan Afrilun 2011 sojoji huɗu masu rauni suka taka da ƙafa har ƙuryar arewacin duniya, inda babu komai sai ƙanƙara, Yarima Hari jikan Sarauniyar Ingila ya raka su na 'yan kwanakin farko. A Disambar 2013 wasu goma sha biyu suka kai ƙuryar kudu. A 2015 kuma mutum shida suka yi tattakin mil 1,000, wato kimanin kilomita 1,600, cikin kwana 72, daga Sikotilan har ƙofar fadar Sarauniya a Landan. Domin mai karatu ya auna, wannan ya kusa kai tafiya daga nan zuwa Yamai da dawowa. Kuɗin da ake tarawa kuwa da shi ake sama wa tsofaffin sojoji aikin yi, ake kuma kula da waɗanda yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa.

Dabarar a fili take. Mutum ba ya ba da kuɗi saboda an karanta masa lamba a rediyo, amma idan ya ga mai ƙafar roba ya biyo ta ƙofar rumfarsa yana gumi, hannunsa da kansa zai shiga aljihu. Gani ya kori ji.

Sai dai dattijuwar nan tana da gaskiya ta wani ɓangare, domin kuwa babu wanda zai koya wa Bahaushe tafiyar ƙasa. Kakanninmu fatake sun kora jakuna wata da watanni zuwa Gwanja neman goro. Alhazan da can sun taka ta Chadi da Sudan, wasu sai bayan shekaru suke dawowa, wasu ma suka zauna a hanya, jikokinsu na can har yau. Mu kuma mutanen ƙasar Kance mun san tafiyar da ta fi wannan ɗaci. Wa zai manta da watan Oktobar 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu 'yan wannan yanki namu, motocinsu suka lalace suka kama hanya da ƙafa neman rijiya har ƙishirwa ta kashe su? Allah ya jiƙan su da rahama. Saboda haka idan mutumin Dawce ya yi dariya don an ce wani ya yi tafiya an tafa masa, ban ga laifinsa ba.

Abin da nake ganin laifinmu a kai shi ne irin tattakin da muka zaɓa mu girmama. A 2015, bayan Janar Muhammadu Buhari ya ci zaɓe a Najeriya, wani bawan Allah ɗan jihar Katsina mai suna Sulaiman Hashimu ya tako daga Legas har Abuja, kimanin kwana 18, domin cika alkawarin da ya ɗauka na taya shi murna. Jama'a suka yi ta tarbarsa a garuruwa, shi ma Janar ɗin ya karɓe shi. Ban raina ƙoƙarinsa ba, tafiya ce ta maza, kuma alkawari ya cika. To amma me ya biyo baya? Sai tattaki ya zama yayi, kowane matashi ya ɗaura takalmi ya nufi gidan gwamnati, wannan don gwamna, wancan don sanata, har abin ya koma wata hanya ta neman na goro a wurin manya. Ƙafafun talaka suna ta kumbura saboda wanda yake da mota goma a gida. Wanda kuwa ya bar tasa ƙafar a daji domin mu kwana lafiya, shi ba ya cikin lissafi.

Ku duba yadda muke jin labarin yaƙi. A watan Afrilun 2015 Boko Haram ta kashe mana sojoji 46 a tsibirin Karamga cikin tafkin Chadi. Ranar 10 ga Disambar 2019 aka kashe 71 a barikin Inates. Wata guda bayan nan, ranar 9 ga Janairun 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. Waɗannan lambobi kusan kowa ya haddace su, an yi makokin kwana uku, an sauke tuta, shugabannin ƙasashe sun zo Yamai sun tsaya a gaban kaburbura, kuma hakan daidai ne, sun cancanci fiye da haka. Amma a sanarwar Inates ɗin nan an ce mutum 12 sun ji rauni. Wa ya sake tambayar su? Wanda ya rasu an yi masa sallah an rufe shi, iyalinsa sun karɓi gaisuwa. Wanda ya rayu da rabin jiki, ranar da aka sallame shi daga asibiti ita ce ranar da wahalarsa take farawa, kuma babu ɗan jarida a wurin.

Na taɓa zama kusa da irin wannan bawan Allah a tashar mota a Damagaram. Yaro ne, bai fi shekara ashirin da takwas ba, ƙafarsa ta dama an yanke ta ƙasa da gwiwa, yana dogara sanduna biyu, robar bakin ɗaya ta cinye ya naɗe wurin da tsumman taya. Motarsu ce ta taka nakiya a yankin Difa. Ya nuna mini wata jakar leda cike da takardu, ya ce zuwansa na huɗu ke nan wani ofis, kullum sai a ce wata takarda ta rage, kuma kowane zuwa kuɗin mota ne na mutum biyu, domin ba ya iya tafiya shi kaɗai. Ƙanensa ne yake raka shi, ya bar gona. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da wani ɗan kabu-kabu ya murza babur ya yi ƙara a bayanmu, sai na ga yaron nan ya duƙe, jikinsa na ɓari, gumi na keto masa alhali sanyi ake yi. Ƙanen ya ce mini, “Baba, haka yake, dare ma ba ya barci.” Na tambaye shi wa ke riƙe da gidan, ya ce matar wansa ce, tana soya ƙosai da safe, da yamma ta yi awara.

A nan ne nake son iyayenmu mata su saurare ni da kyau. Soja idan ya nakasa, nauyin ba a kan janar yake sauka ba, a kan mace yake sauka. Ita za ta ɗaga shi, ita za ta wanke ciwon, ita za ta jure faɗan da yake yi ba da son ransa ba, ita za ta fita da faranti neman abin cefane, sannan ta ji ana cewa a unguwa ai mijinta soja ne, suna da albashi. Wataƙila wadda kike zaune kusa da ita a layin masu tattasai irin wannan ce, kunya ta hana ta faɗi. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to ga wurin gwada maganar.

Kuma kada a ɗauka idan an ba mutum ƙafar roba an gama. Ba a yin ta sau ɗaya a ce shi ke nan har abada. Dungulmin yana ramewa ko ya canza kama, kwasfar ta daina zama daidai ta fara goge fata har ta zama gyambo, ita ma robar tana tsufa, bayan 'yan shekaru sai an sake wata. Keken guragu na asibiti mai ƙananan tayoyi kuwa, wanda ya san rairayin ƙauyukanmu ya san ba zai kai mutum masallaci ba, sai dai mai taya uku da ake murzawa da hannu, irin wanda maƙeranmu da masu walda suke iya ƙerawa su kuma gyara. Duk waɗannan kuɗi ne da ba sa yankewa.

Wani zai ce, malam, mu me ya shafe mu, Dawce lafiya lau muke, yaƙin na can Difa da Tillaberi. To ɗan kasuwa ne ya kamata ya fi kowa sanin amsar. Kasuwa ba ta ci sai da hanya. Ku tambayi masu kifi da tattasan Difa abin da ya sami cinikinsu tun daga 2015. Ku tuna bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyakoki, yadda kuɗin shinkafa da magani ya tashi, da yadda manyan motoci suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso a jere, sojoji na rakiya gaba da baya. Buhun da ya iso rumfarka a wancan lokaci akwai yaron da ya zauna a bayan motar soja da bindiga domin ya iso. Mu nan Allah ya rufa mana asiri, amma maƙwabtanmu na yammacin Katsina da kudancin Maraɗi sun san yadda ake tashi kasuwa da rana tsaka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran.

Akwai kuma magana mai nauyi da na san za a yi mini, kuma na yarda da ita tun kafin a yi ta: kula da sojan da ya nakasa haƙƙi ne a kan hukuma, ba sadaka ba ce. Wanda ya ɗauke shi aiki ya ba shi kaki ya tura shi daji, shi ne zai ɗauki jinyarsa da fanshonsa. Bugu da ƙari talakan Nijar ba a bar shi haka ba. A watan Oktobar 2023 aka kafa asusun haɗin kai domin ceton ƙasa, aka sa dala biyu a kan kiran waya da kuma tikitin mota, ban da gudummawar da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa suka riƙa kaiwa da hannunsu. Mai biyan dala biyu yana da damar ya tambaya nawa ne daga ciki ya isa ga masu rauni, kuma tambayar ba rashin kishin ƙasa ba ce.

Sai dai tarihi ya nuna mana cewa hukuma ba ta cika tuna tsohon soja ba sai an tuna mata. Kakanninmu da Faransa ta ɗiba zuwa yaƙe-yaƙenta, a ƙarshen 1959 aka yi dokar da ta daskarar da fanshonsu, na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi yana hawa, nasu yana tsaye wuri guda. Sai da wani tsohon saje ɗan Senegal mai suna Amadu Diyof ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya a 2001, alhali ya riga ya rasu. Daga nan ma sai a 2007 aka daidaita wani sashe, sauran sai 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna ƙarƙashin ƙasa. Shekara hamsin ke nan. A Najeriya kuwa kowace 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tantabaru, manya su maƙala tambari a riga, amma sau nawa muka ji tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a Abuja suna neman haƙƙinsu? A 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta tura sojojinta masu rauni gasar wasannin Invictus a Jamus, a watan Mayun 2024 kuma Yarima Hari ya zo har asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna ya gaida masu jinya. Abin a yaba ne, amma abin kunya ne a gare mu a ce sai baƙo daga Turai ne zai sa mu san akwai su. Amfanin tattaki ke nan na biyu, bayan kuɗi: yana fito da mutumin da aka ɓoye a ɗaki zuwa bakin titi, inda mai mulki ma ba zai iya kau da kai ba.

Saura maganar amana, wadda ita ce ke kashe kowace gidauniya a ƙasar nan. Kada ku zaci Turawa sun tsira. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, wani tsohon soja ɗan shekara 99, Kyaftin Tom, wanda ya yi yaƙin Barma inda Hausawa da dama su ma suka yi, ya ce zai zagaya lambun gidansa sau 100 da sandar turawa domin ya tara wa ma'aikatan lafiya fam 1,000. Aka tara fiye da fam miliyan 32, kuma wannan kuɗi ya isa inda aka nufa. Amma daga baya aka kafa wata gidauniya da sunansa, bayan rasuwarsa a 2021 zance ya fara fita, har hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta bincika ta bayyana a 2024 cewa 'yarsa da mijinta sun amfana da sunan gidauniyar don kansu, aka haramta musu riƙe irin wannan amana na wasu shekaru. Idan haka ta faru a inda ake da masu bincike, ina ga inda ake tara kuɗi a cikin hula?

To ga shawarata, kuma ga shugabannin 'yan kasuwa nake miƙa ta, tun daga sarkin kasuwa har shugabar mata masu adashi. Idan sanyi ya shigo, an gama girbi, rake ya fara fita, a nemi izinin hukuma a shirya tattaki daga Dawce zuwa Matameye, a bi ta Kance da Takeita da Tirmini a shiga Damagaram. Kilomita ɗari ne da ɗoriya, kwana biyar ya isa ba tare da an kashe kowa ba, a kuma tsara shi yadda za a riƙa faɗawa garuruwa a ranar da kasuwarsu take ci. Duk sojan da ya ji rauni da yake so kuma yake iyawa ya shiga gaba, ko a keke ko a amalanke, wanda ba ya so kada a matsa masa, domin ba baje kolin nakasa za a yi ba. Jandarma da ɗan sanda da ɗan garda da suka ji rauni a bakin aiki duk a sa su a lissafi. Kada a ɗauki hoton kowane ɗan siyasa ko mai mulki, kada a yi wa kowa kirari. Mai kuɗin da ya ba da miliyan a rubuta sunansa a layi ɗaya da mai daddawar da ta ba da dala goma.

Lissafin ba shi da wuya. Idan mutum 2,000 a kasuwa guda kowa ya ba da dala ashirin, jaka 200 ke nan. Kasuwa biyar, miliyan guda. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da tiyar hatsi ko ta wake, a sayar a gaban jama'a. Kowace yamma kafin a kwanta a ƙirga abin da aka samu a gaban limamin garin da wakilan mata, a faɗe shi da lasifika, a kuma aika wa gidan rediyo. Ajiyar kuɗin kuwa, ni dai da za a bi ta tawa, a hannun matan adashi za a bar littafin. Macen da take riƙe zubin mutum arba'in shekara da shekaru ba tare da dala ta ɓata ba ta fi mini kwamitin masu manyan riguna.

Miliyan guda ba za ta yi wa kowa maganin talauci ba, na sani, shi ya sa nake ganin kada a raba ta jaka biyar-biyar a ci a sha a manta. A zaɓi mutum kaɗan da aka tabbatar da su, a saya wa wannan keke mai taya uku, a biya wa wancan kuɗin sake ƙafa da na motar zuwa, a ba matar wani jarin da zai fitar da ita daga bashin mai wake. Sauran kuma abu ne da ba ya bukatar tattaki ko kaɗan, yana hannunmu tun yau. Mai ƙafa ɗaya yana iya zama a shago, yana iya riƙe littafin sito, yana iya awo, yana iya cajin waya da sayar da kati. Soja ya saba da tashi da asuba da kiyaye kayan da aka ba shi. Alhajin da yake da shago uku a Matameye ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, sarkin kasuwa ya ware rumfa biyu kusa da bakin hanya inda keke zai iya shiga, mu kuma mu saya a wurinsu.

Ni kaina gwiwata ba ta da ƙwarin da, amma na ɗauki alkawarin taka zangon farko daga Dawce zuwa Matameye, da buhun gyaɗa guda daga abin da Allah ya ba ni bana. Dattijuwar nan mai ƙuli-ƙuli kuwa na sake haɗuwa da ita a mota makon da ya wuce, na ba ta labarin yaron tashar Damagaram da matarsa mai ƙosai. Ta yi shiru har muka wuce shingen duwan, sannan ta ce ita ba za ta yi tafiyar banza ba, amma idan an tashi a gaya mata ranar, za ta kawo man gyaɗa kwalba biyu a kai wa yarinyar.